Fasinjan da Ba Ya Biya

Sau tara na haye gada yau.
Ina ƙirgawa, ban san dalili ba.

Wadata, Katako, Harobanda,
dala sittin, shigo, ja ƙofar da ƙarfi, ba ta kamawa.
Ƴan jami'a uku a baya suna gardamar jarrabawa,
wata tsohuwa a gaba rungume da kabewa,
sai shi,
wanda bai ɗaga mini hannu ba, bai faɗi unguwa ba,
ya zauna a bayan kunnena.

Tsakiyar gada yake jira.
Ya ce: in ka murɗa sitiyari dama fa?

Tafin hannuna ya jiƙe.
Ni Arzika, shekara goma sha ɗaya a kan kwalta,
ko akuya ban taɓa takawa ba.
A ƙasa masu wanki sun shanya zannuwa bisa ciyawa,
kogi na tafiyarsa, bai san da ni ba.
Tsohuwa ta ce, ɗana, zufa kake.
Na ce zafin Yamai ne, inna.

Me ban yi ba?
A'uzu ɗari. Rediyo har ƙarshen murya.
Wata biyu na ƙi ɗaukar ƴan ƙetare,
kuɗin mai mota ya taru a wuyana.
Sai ya biyo ni gida.
Ya iske ni da wuƙa, ina fere wa Sahura mangwaro,
ya ce: ƴarka fa?
Na aje wuƙar, na fita, na rufe kaina a mota
har wuta ta ɗauke, har ta dawo.

Daga nan safiya ta yi nauyi.
Tuwo ya koma ƙasa a baki.
Barira ta kira sunana sau uku kafin in juyo.
A salla in kai raka'a ta biyu, in rasa ta farko.
Na ce da kaina: mugu ne kai, ba a dai gano ba tukuna.

Tankari ne ya tare ni, a fada, kan shayi na uku.
Ya ce motarka ta yi ƙura, kai ma ka yi.
Na faɗa masa ina kallon gawayi.
Na jira ya janye kujerarsa.
Sai ya zuba mini wani, ya ce Talata zan raka ka.

Lokotoron mace ce, tabarau ɗaure da zare.
Ta saurara, ba ta ɗaga gira ba.
Ta ce, kai ne na huɗu tun safe.
Ta ce, wannan rawar jikin da kake yi, ita ce shaidarka:
abin da ka fi so shi yake taɓawa.
Kana kokawa da shi, yana ƙara ƙiba.
Ta rubuta magani, ƙwaya ɗaya da dare,
ta ce in dawo bayan mako biyu, ko da sauƙi ko babu.

Babu, a karon farko.
Na biyu ma kaɗan ne.

Yanzu in ya shigo, ba na tsayawa.
In ce, ka zo? To, matsa, akwai mutane.
In ja numfashi har cibiya, in sake shi a hankali,
in faɗi abin da ido ya gani:
raƙumi da tabarmi, kwalekwale biyu,
yaro mai sayar da ruwan leda, jar hularsa.
Yana magana, ina sauya giya.
Wani lokaci ya sauka a shataletale,
wani lokaci sai Lamorde.
Akwai ranar da ya wuni.

Bai taɓa biya ba.
Bai kuma taɓa riƙe sitiyari ba, na duba.

Ɗazu Sahura ta kawo mangwaro, ta kawo wuƙa,
ta zauna a kan ƙafata.
Ya yi gyaran murya.
Na fere, siriri-siriri, ɓawon bai tsinke ba.
Ta ce na ci mata gefen da ya fi zaƙi.